Allurar Idon Malam

Litinin, 5 ga Janairu, bayan Azahar

Ba a yi wa maigidana Malam allurar ba.

Tun da safe muka fita, sanyi kamar zai cire wa mutum kunne, muka hau bas daga Tremont, unguwarmu a Bronx, har asibitin ido. Shekara huɗu ke nan duk wata Dakta Mendes take yi masa allura a cikin ido, tun da ciwon suga ya taɓa masa jijiyoyin gani. Yarinyar da ke teburin karɓar marasa lafiya ta san mu sarai, har cincin na kai mata da Sallah. Yau ta karɓi katin inshorarsa, ta danna kwamfuta, ta turo mana shi da ɗan yatsa ɗaya.

"Wannan sabon kamfani ne. Ba ma aiki da su."

Na ce ai mun san sabo ne. Tsohon, wanda gwamnati ke biya ya kula da tsofaffi a ƙarƙashin Medicare, ya tattara komatsansa ya bar Bronx a ƙarshen Disamba, wai ba ya samun riba da mu. Shi ya sa Gafaru mai harkar inshora ya zo har falonmu ya mayar da mu wannan, ya kuma rantse mana cewa likitar Malam tana ciki.

Ta ɗaga kafaɗa. Ta ce in muna so mu biya da aljihunmu ga kuɗin allura ɗaya, ta rubuta a 'yar takarda. Na duba, na ninke, na mayar mata da abarta.

Malam ya ce mata ya gode. Ya gode! Mutumin da ya shekara talatin yana tuƙa tasi a garin nan, yana biyan haraji babu fashi, shi ne yake gode wa wadda ta kore shi. A bas na riƙe abin da ke bakina, don ba na faɗa a gaban mutane ba ne.

Talata, 6 ga Janairu, da hantsi

Na kira Gafaru. Ɗan aminin Malam ne. Ranar da ya sauka a ƙasar nan Malam ne ya ɗauko shi daga filin jirgi, a kujerar falon nan ya yi ta kwana har ya sami ɗaki. Yanzu ya zama dillalin inshora, yana da ɗan teburinsa a ƙofar masallaci duk Juma'a, da kwat da turare.

"Mama Hasiya, kada ki damu, ƙaramin abu ne. Sunan likitar yana cikin na kamfanin, wallahi da idona na gani."

Na ce, "To idon naka ya zo ya yi masa allurar."

Dariya ya yi, yana tsammanin wasa nake. Ya ce zai kira ni kafin La'asar.

Talata, bayan Magariba

Bai kira ba.

Alhamis, 8 ga Janairu, da rana

Na kira kamfanin da kaina. Suka sa mini kiɗa. Na yanka albasa da wayar a kafaɗa, na dafa miya, na sauke, kiɗan yana nan. Jefi-jefi wata murya mai zaƙi tana faɗa mini cewa ina da daraja a wurinsu.

Da mutum ya ɗauka, ga abin da ya karanto mini. Sai Malam ya fara ganin sabon likitan iyali da suka zaɓar masa. Shi zai tura shi wurin likitan ido na cikinsu. Shi kuma likitan idon zai nemi izininsu kafin ya taɓa allura. Likitan iyalin ba shi da wuri sai ƙarshen wata.

Na ce masa ido ne fa. Ya ce ya fahimci damuwata. Sau uku yana fahimtar damuwata. Sannan ya tambaye ni ko akwai wani abin da zai ƙara taimaka mini da shi, kamar ya taimaka da na farkon.

Fiye da shekara ashirin na yi ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu a garin nan. Na wanke su, na juya su a gado, na rufe idon wasu. Na san yadda ake yi wa tsoho a ƙasar nan. Ba a ce masa a'a. Jira ake ba shi har ya gaji ko ya mutu.

Juma'a, 9 ga Janairu, da safe

Kiɗan nan dai. Har a sujada nake jin sa.

Litinin, 12 ga Janairu, bayan La'asar

Sabon kamfanin ya aiko mana da katin cefane, wanda Gafaru ya yi ta zuzutawa ranar da Malam ya sa hannu. A jiki akwai hoton wasu tsofaffi biyu masu fararen haƙora suna tuƙa keke a bakin ruwa. Na kai shi kanti. Yana sayen sabulu da madarar gwangwani, ba ya sayen naman halal. Na dawo da sabulu. Ko kallonsa ba na son yi.

Malam ya tambaye ni ko ƙarfen tagar kicin ya lanƙwashe. Na ce tsohon gini ne, komai nasa a karkace yake. Ya ce haka ne.

Laraba, 14 ga Janairu, da safe

Na iske Mma Fauziya a bakin ƙofar gini, zaune a kan keken dogarawarta, lulluɓe da bargo. Maƙwabciyarmu ce ta hawa na uku, mutuniyar Kumasi, ta kusa tamanin. Sau uku a mako ake yi mata wankin ƙoda. Tsohon kamfanin yakan aiko mata da mota. Ita ma Gafaru ya mayar da ita sabon.

Da Hausarsu ta zango ta ce mini, "Hajiya, mota bai zo ba. Jiya ma bai zo ba."

Na ce ba za ta ƙara zuwa ba, an daina. Ta dube ni kamar ni na hana. Na raka ta tashar bas, na ɗaga mata keken ta hau. Direban yana ta huci don mun ɓata masa lokaci.

Asabar, 17 ga Janairu, bayan Azahar

Malam ya zuba shayi a gefen kofi, na goge tebur.

'Yarmu Khairunnisa ta kira daga Houston. Kafin in ɗauka Malam ya riƙe mini hannu.

"Ba na son ki ɗaga wa yarinyar nan hankali. Tana da aikinta da 'ya'yanta."

Na ce mata lafiya lau muke. Ina yi mata Hausa tana amsa mini da Turanci kamar kullum, tana ba ni labarin ƙwallon da ɗanta ya ci. Na yi dariya inda ya kamata.

Litinin, 19 ga Janairu, da safe

Na goge tebur.

Talata, 20 ga Janairu, bayan La'asar

Ni kaɗai na koma asibitin ido, na ce wa Malam kasuwa za ni. Na zauna a dakalin baranda har Dakta Mendes ta fito. Da ta gan ni ta tsaya, ta tambaye ni ina mutumin nata, wata ya wuce bai zo ba. Ashe ba wanda ya faɗa mata.

Na ba ta labari. Ta cire tabarau ta murza fuska.

"Kada ku bar shi ya daɗe. Idon hagun ba ya jure jinkiri."

Na ce to ta yi masa mana, ga allura a ɗakinta, ga hannunta, ga idon a gida. Ta ce ba ita ke fitar da maganin ba, sai ofishin kuɗi ya buɗe. Ta ce za ta yi magana da su. Na ga alamar da gaske take. Na kuma ga an riga an kira ta ɗaki na gaba.

Abin da ya tsaya mini a rai, kwalbar tana nan a cikin firij, bango ɗaya ne tsakanina da ita.

Juma'a, 23 ga Janairu, bayan sallah

An shimfiɗa sabon kafet a masallaci, kore mai laushi. Bayan huɗuba aka sanar cewa Alhaji Gafaru ne ya saya, aka yi masa addu'a, mata na ta amin. Yaushe ya zama Alhaji? Na sa goshina a kan kafet ɗin don ba ni da zaɓi.

Da aka sallame na faɗa wa matan da ke kusa da ni abin da ake ciki. Ashe kusan kowa da nata. Wannan an canza wa mijinta maganin hawan jini, waccan an ce ta nemi wani asibitin don ƙafarta, wata tana raba ƙwaya biyu don ta kai ta ƙarshen wata. Na ce to mu tashi mu je wurinsa gaba ɗaya, ga shi can a ƙofa. Sai kowa ta fara neman takalminta.

"Sai haƙuri, Hajiya."

"Haƙuri dai. Ɗanmu ne."

Na tsani kalmar nan yau. Allah ya yafe mini, na tsane ta.

A ƙofa ya hango ni, ya sunkuya yana gyara takardunsa har na wuce. Wani tsoho yana zaune a gabansa da biro a hannu.

Litinin, 26 ga Janairu, da hantsi

Tebur. Da hannun rigarsa.

Alhamis, 29 ga Janairu, da yamma

Mun ga sabon likitan iyali. Yaro ne, ba zai girmi Khairunnisa ba. Tun da muka shiga har muka fita kwamfuta yake kallo. Ya tambayi Malam ko yana shan taba, ko yana jin baƙin ciki, ko akwai mai dukansa a gida. Malam ya ce babu. Na ce mun zo ne saboda ido. Ya ce zai kai nan, akwai tambayoyin da dole ya cike tukuna.

Ya ba mu takardar zuwa wurin likitan ido. Sai sha ɗaya ga watan gobe, can ƙarshen gari, bas biyu.

Ko sau ɗaya bai kalli idon ba.

Lahadi, 1 ga Fabrairu, bayan Asuba

Malam yana karatunsa kamar kullum, Alƙur'ani a buɗe a cinyarsa. Muryarsa ta ci shafuka da yawa. Hannunsa bai juya ko ɗaya ba.

Na koma kicin na buɗe famfo.

Talata, 3 ga Fabrairu, da rana

Mma Fauziya ta zame a kan ƙanƙara a tashar bas. Ƙugu ya karye. Mai kantin kusurwa ne ya kira motar asibiti. Wai ta daɗe a kwance mutane suna kewaye ta.

Yanzu kamfanin zai biya kuɗin tiyata da gado da komai. Motar da za ta hana wannan ce ta yi musu tsada.

Juma'a, 6 ga Fabrairu, da safe

Ban je masallaci ba. Ba zan iya kafet ɗin nan ba yau.

Laraba, 11 ga Fabrairu, bayan Magariba

Sabon likitan ido ya haska, ya ɗauki hoto, ya daɗe yana kallon hoton fiye da yadda nake so. Ya tambaya yaushe rabon da a yi allurar. Da na faɗa masa ya ce, "Me ya sa kuka bari?"

Mu muka bari.

Ya ce zai nemi izini yau-yau.

Juma'a, 13 ga Fabrairu, da hantsi

Sun ƙi. Wai a fara gwada wani magani mai arha. Shi Dakta Mendes ta fara gwadawa shekara huɗu da suka wuce, bai yi masa komai ba. Na faɗa wa na wayar. Ta ce ba su da shaidar haka, sai tsohon asibitin ya aiko. Tsohon asibitin ya ce ya aika. Su sun ce bai iso ba.

Wanda ya yanke hukuncin bai taɓa ganin Malam ba. Na tambayi sunansa. Ta ce ba mutum ɗaya ba ne, sashe ne.

Lahadi, 15 ga Fabrairu, bayan La'asar

A babban titin Grand Concourse ne, wajen tsallakawa. Mai keken kai abinci ne, ta hagu ya fito. Ba zan rubuta sauran ba. Gwiwar wandon Malam ta yage, tafin hannu ya kuje, shi ke nan, alhamdu lillahi. Yaron keken yana ta ihu wai tsoho ba ya kallon hanya. Mutumin da ya shekara talatin a kan titunan nan ko madubin wani bai taɓa gogewa ba.

Da ya kwanta na sauka ɗakin wanki na ƙasan gini na kira Khairunnisa. Na faɗa mata duka. Ya yi fushi in ya ga dama.

Talata, 17 ga Fabrairu, da rana

Khairunnisa ta iso jiya. Ta durƙusa ta gai da babanta, ya miƙa hannu zai dafa kanta ya dafa iska. Ta dube ni. Na dubi bango.

Yau tun safe ta baje takardu a tebur, ta yi ta bincike a wayarta, sannan ta kira su. Ban taɓa jin muryarta haka ba. Turancin nan nasu na 'yan ƙasa, mai santsi, ba gargada. Ta ce musu akwai ƙa'idar da ta hana a katse wa sabon shiga maganin da yake tsakiyar yi, ko da likitansa ba nasu ba ne. Ta ce a rubuta ƙorafinta a matsayin na gaggawa, ta nemi sunan mai maganar, ta ce daga nan hukuma za ta kira.

Ba su sa mata kiɗa ba.

Kafin La'asar suka kira da kansu. An amince. Wurin Dakta Mendes ma, ba sabon ba.

Khairunnisa ta ajiye wayar tana kuka, tana cewa da Turanci me ya sa ban faɗa mata tun farko ba. Ni ban yi kuka ba. Ashe tun ranar farko ƙofar a buɗe take, kalmar buɗe ta ce ba su faɗa mini ba. Duk wanda na yi magana da shi a wayar nan ya san ta, ko ya kamata ya sani. Sun ji harshena, sun ji shekaruna, suka sa mini kiɗa.

Alhamis, 19 ga Fabrairu, kafin shan ruwa

An ɗauki azumi. Gafaru ya zo da kwalin dabino. Malam ya sa shi ya zauna, ya tambaye shi mutan gida.

Khairunnisa ta tambaye shi ko ya san da ƙa'idar nan. Ya yi ta murza hula.

"Wallahi Anti, ni sayarwa aka koya mini. Kamfanin da ya gudu ai shi ya jawo duk wannan. Ni ma ba ƙaramar asara na yi ba."

Wataƙila gaskiya ya faɗa. Ban damu ba.

Da zai tafi ya rage murya, kamar mai ba mu kyauta. Wai ana raɗe-raɗin wannan kamfanin ma ba zai kai baɗi a Bronx ba, amma kada mu damu, da zarar an buɗe rajista zai samo mana wanda ya fi shi, mu ne na farko a ransa.

Na ce, "Gafaru, tashi ka fita."

Malam ya ce, "Hasiya."

Na ce, "A kujerar nan ka kwana. Tashi daga kanta."

Ya fita. Dabinon na kai wa mai kula da gini. Abinci ne, ba zan zubar ba, amma ba da shi zan buɗe baki ba.

Asabar, 21 ga Fabrairu, da hantsi

'Ya'yan Mma Fauziya sun zo sun kwashe ɗakinta. An kai ta gidan tsofaffi, ba za ta dawo ba. Tukwanenta suna bakin titi a cikin baƙar leda.

Talata, 24 ga Fabrairu, bayan La'asar

Yarinyar teburin ta karɓi katin nan dai, wanda ta turo mana da yatsa, ta yi murmushi ta ce an yi kewarmu.

Dakta Mendes ta yi wa idon dama allura. Ta ce za a riƙe shi, in Allah ya so, in ba a sake fashi ba.

Na hagun ta daɗe tana dubawa. Ta kashe fitilar, ta jawo kujera ta zauna daf da shi, ta riƙe masa hannu tana magana a hankali. Jini ya zuba a ciki, ya bushe, ya bar tabo. Ta yi masa allurar duk da haka. Ta ce kada mu sa rai.

Malam ya ce, "Allah ya riga ya rubuta."

Na yarda Allah ya rubuta. Amma na san waɗanda suka riƙe biron.

Laraba, 25 ga Fabrairu, da safe

Khairunnisa ta koma. Ta ce mu dawo Houston. Malam ya ce a can wa ya sani.

Juma'a, 27 ga Fabrairu, bayan La'asar

Ya ce zai je masallaci. Na ce ni ma za ni. Ya sa farar rigarsa, ya fesa turare, ya ƙi in taimaka masa da maɓalli. Mun sauka a lif.

Tun da muka yi aure ban taɓa jerawa da shi a titi ba. Shi yana gaba, ni ina baya da 'yar tazara, haka muka saba tun daga Zariya, haka muka tsufa a nan. Yau ma da muka fito na tsaya don ya wuce.

Bai wuce ba. Ya tsaya a bakin ƙofar gini, motoci suna ta wucewa, yana juya kai gaba ɗaya kamar mai neman inda sauti ke fitowa. Har na ɗauka ya manta wani abu a sama.

Ya ce, "Hasiya."

Na ce, "Na'am, Malam."

"Zo ki tsaya ta haguna. Daga yau nan ne wurinki. In abu ya taho, ki faɗa mini."

Tun da aka fara wannan abu, yau ne ya fara ambatarsa da bakinsa.

Na zagaya na tsaya. Ya laluba ya kama gefen mayafina, ba hannuna ba, don mutane. Muka tafi a haka har masallaci, ina cewa ga tudu, ga kwandon shara, ga keke nan tafe, dakata.